Sensa ce ta lalace ko giyar ce? Tambayoyin masu mota otomatik a Katsina

Sana'ata wayarin ɗin mota da gyaran giyar otomatik, a nan cikin birnin Katsina. Tambayoyin nan su ne nake sha kusan kullum a bakin gareji, wasu daga masu kabu-kabu, wasu daga ma'aikata, wasu daga iyaye mata da ke kai yara makaranta. Abin da ya sa na zauna na rubuta su shi ne ciwon da nake ji in na ga an sauke lafiyayyar giya saboda 'yar sensar da ba ta wuce babban yatsa ba, ko kuma an canza sensa har uku alhali giyar ce ke cin kanta daga ciki.

Malam, wai me ya haɗa sensa da giya? Ba ƙarfe da mai ba ne kawai a ciki?

A motocin da, kusan haka ne. Matsin mai da wata wayar ƙarfe da ta taho daga totur su ne ke yanke lokacin canji. Motar yau kuwa kwamfuta ce ke yanke wannan hukunci, wadda mu makanikai muke kira birenbos. A wasu motocin giya tana da nata daban, a wasu kuma a haɗe yake da na inji.

Birenbos ba ya ganin titi, ba ya jin ƙarar inji. Abin da sensoshi suka faɗa masa da shi yake aiki. Su ke gaya masa gudun da mota ke yi, da iya inda ka taka totur, da yawan iskar da inji ke zuƙa, da zafin ruwa da na man giya, da inda ka ajiye sandar giya. Daga nan sai ya tura wuta zuwa solonoyid, su buɗe ko su rufe hanyoyin mai a cikin giya, man ya matse farantan kulochi da muke kira faiba. Abu biyu yake yankewa a kowane canji: yaushe za a canza, da kuma ƙarfin matsin da za a yi. In aka kai masa labarin ƙarya, to hukuncin ƙarya zai yanke, ko da giyar jiya ta fito daga kamfani.

Waɗanne sensoshi ne suka fi jawo wannan rigima?

Na farko su ne sensoshin gudu guda biyu da ke jikin giyar kanta. Ɗaya tana ƙirga juyin da ke shigowa daga inji, ɗayar tana ƙirga wanda ke fita zuwa taya. Birenbos yana kwatanta su biyun don ya san giyar da ake ciki da kuma ko faiba na zamewa. In ɗaya ta yi shiru, sai ka ji mota ta ƙi canzawa, ko ta canza da duka kamar an bugo ka ta baya. A wasu motocin allurar maleji ma sai ta kwanta ko ta riƙa rawa.

Sai sensar totur. Ita ke faɗin nufin ƙafarka. In ta fara lalacewa, mota kan riƙa kai-kawo tsakanin giya uku da huɗu alhali ƙafarka ba ta motsa ba, ko ta riƙe giya ɗaya inji na ta kuka.

Akwai sensar iska da ke bayan filtar iska. Wannan ita ce hunturunmu ya fi cuta. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da ke tashi a Katsina ba sai an faɗa wa kowa ba, in kuma filtar ta yage ko murfin akwatinta bai zauna ba, ƙurar tana maƙalewa a kan siririyar wayar da ke cikin sensar. Sai ta riƙa faɗin iska ƙasa da wadda ke shiga. Mutane ba sa kawo ta a lissafin giya saboda a jikin inji take, amma da ita birenbos ke ƙiyasta nauyin aikin da inji ke yi.

Ragowar su ne sensar zafin ruwa, da ta zafin man giya, da makunnin da ke faɗin P ko R ko N ko D, da makunnin fitilar birki, sai sensoshin ABS (tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki) da ke gindin tayoyi, domin motoci da yawa daga can suke ɗaukar gudun mota.

Motata ta maƙale a giya ɗaya, ba ta da ƙarfin tashi, D na ƙyaftawa. Giyar ta mutu ke nan?

Ba lallai ba, Alhaji. Sau da yawa kare kanta take yi. In birenbos ya ga labarin da ba zai yiwu ba, misali inji na gudu amma sensa ta ce taya a tsaye take, sai ya daina yarda da kowa. Ya kulle mota a giya biyu ko uku, ya ɗaga matsin mai zuwa ƙarshe don kada faiba ta zame. Shi ya sa in ka sa D ko R kake jin ta buga da ƙarfi, in ka tashi daga danja kuma kamar tana jan tirela.

Kowace mota da yadda take kukanta. Honda takan ƙyafta D ko D4. Tsofaffin Toyota sukan ƙyafta fitilar O/D OFF. Peugeot 206 da 307 da 406 masu giyar AL4 sukan ƙyafta alamar S da ta ƙanƙara tare, su tsaya a giya uku, kuma a wannan giyar sau da yawa solonoyid ɗin matsin mai ne ke gajiya.

Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini Camry daga Daura, ya lallaɓo da ita a giya uku tun daga can, kusan kilomita 80. An riga an gaya masa a wani wuri cewa sai dai ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo wata giyar, har ya fara neman rance. Na zaro gejin mai, man ja ne garau, ba ƙauri. Na'urar da muke jona wa mota don karanta birenbos ta nuna babu saƙo daga sensar gudu. Da muka cire akwatin filtar iska muka haska tocila, sai ga ɓawon gyaɗa da tsummokara a lungu, ga wayoyi biyu an gaigaye su har jan ƙarfen ya fito. Ɓera ne ya yi gida a wurin, don motar ta yi wata guda a ajiye kusa da ɗakin hatsi. Muka haɗa wayar da dalma, muka naɗe, muka fita gwaji ta hanyar Ƙofar Ƙaura. Ta canza giyoyinta lami lafiya. Mutumin ya daɗe riƙe da sitiyari yana hamdala kafin ya sauko.

To sensa kawai za ta iya kashe giya da gaske, ko tsoratarwa ce?

Tana iyawa, kuma a hankali take yi, shi ne haɗarin. Ɗauki sensar iska ko ta totur da ke faɗin ƙasa da gaskiya. Kai ka ɗauko mutum biyar da buhunan gero a but, ka taka sosai, amma birenbos yana zaton tafiyar shan iska kake. Sai ya ba da matsin mai kaɗan. Faiba ba ta kama da kyau, ta ɗan zame kafin ta riƙe. Kowace zamewa zafi ne, zafin yana ƙona mai, ƙonannen mai kuma ba ya kare faiba. Wata uku, wata shida, sai ka wayi gari giyar ta lalace da gaske, alhali asalin ciwon abin da ake wankewa da feshin wanke sensa ne cikin minti goma.

In kuma ƙaryar ta ɗaya gefen ce, matsin ya yi yawa, canjin da duka yake zuwa, su mawuntin inji da shaf su ke sha.

Ita giyar fa, tana ɓata sensa?

Ƙwarai. Wannan ne ɓangaren da aka fi mantawa da shi. Yawancin sensoshin gudu maganaɗisu ne a bakinsu. In wani boris ko haƙorin ƙarfe ya fara ci a cikin giya, garin ƙarfen yana yawo cikin mai ya zo ya manne a bakin sensar. Na sha zaro sensa in gan ta da baƙin gemu, in ka murza shi a yatsa ka ji laushi kamar kwalli, in ka kai shi rana ka ga yana ƙyalli. Ɗan kaɗan mai laushi ba abin tashin hankali ba ne a tsohuwar mota. Amma in ka ji tsaki-tsaki mai kaifi a ciki, to sensar nan ba ƙarya ta yi ba, shaida ce ta kawo. Ka sa sabuwa, motar ta yi lafiya sati biyu, gemun ya sake tsirowa. An bar jaki ana dukan taiki.

Zafi ma haka. Giyar da ke zamewa tana dafa manta, wayoyi da sensoshin da ke nutse a cikin man su bushe su tsage. Wani lokacin kuma man ne ke tsiyaya ta soket. An san wasu Mercedes masu giya biyar da wannan: robar soket ɗin ta saki, mai ya bi cikin waya kamar lagwani har ya isa birenbos.

Akwai kuma inda giya ke shafa wa inji kashin kaji. In kulochin cikin konbata, wato abin da ke haɗa inji da giya ta hanyar mai, ya maƙale bai saki ba, mota takan mutu duk lokacin da ka tsaya, kamar mai manuwal da ya manta bai taka kulochi ba. Sai a bi fulogi da nozul da sensar karanshaf ana ta canzawa, ciwon yana can gefe.

An sa mata na'ura, ta nuna P0720. In je in sayo sensar?

Dakata tukuna. Lambar ba cewa ta yi sensa ta mutu ba. Cewa ta yi saƙon da ke zuwa ta wannan layin ba daidai yake ba. Layin kuwa ya haɗa da sensar, da soket, da waya, da haƙoran da sensar ke ƙirgawa, da shi kansa birenbos. Mai aikin kirki zai auna wayar, ya duba ko soket ya yi tsatsa ko ruwa ya shiga, sannan ya fita da motar na'ura na jone yana kallon lambobin gudu suna hawa da sauka.

Soket ɗin da ake jona na'urar yana ƙarƙashin sitiyari, mai baki 16. Tsarin sunansa OBD-II, an wajabta shi a motocin Amurka tun 1996, Turai kuma ta bi baya da motocin fetur a 2001. Don haka kusan duk tokumbo da ke yawo a garin nan tana da shi.

Lambobin da suka fi fito mana: P0715 layin sensar juyin shiga, P0720 na fita, P0500 gudun mota, P0705 makunnin P-R-N-D, P0741 kulochin konbata. P0730 kuwa cewa take lissafin shiga da fita bai yi daidai da giyar da aka umarta ba, wanda zai iya zama zamewar gaske, zai iya zama ƙaryar sensa. Ita P0700 ba ta faɗin komai sai “je ka tambayi birenbos ɗin giya”. Ƙananan na'urorin da ake haɗawa da wayar hannu da yawansu nan suke tsayawa, ba sa iya shiga ɓangaren giya. In mai duba maka ya ce P0700 na nufin giya ta tafi, ka nemi wani ya sake dubawa.

Makanikena ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin garinmu. Da matsala?

Da ita, kuma wannan al'ada ta daɗe tana ba ni takaici. Na san daga ina ta samo asali: a Afrilu da Mayu zafin Katsina yana haura digiri 40, kowa na tsoron inji ya tafasa. Amma an ƙera inji ne ya yi aiki da ruwa mai zafin digiri 80 zuwa 90 da ɗoriya. Birenbos kuma an koya masa kada ya ba da giyar ƙarshe, kada ya kulle konbata, sai inji ya ɗumama. A Toyota da yawa iyakar tana wajen digiri 60.

To ka fito da asubar Janairu za ka Kano, ba tamostat, fanka na ta bugawa, iskar hunturu na dukan lagireto. Ruwan ba zai yi zafi ba. Sensar zafin ruwa gaskiya take faɗa, birenbos ma bai yi laifi ba, amma motar za ta yi tafiya mai nisa konbata bai kulle ba. Konbatan da bai kulle ba kuwa shi ne babban mai dafa man giya, ga shan fetur. Wato inji na jin sanyi, giya na cin wuta. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba murfinsa da famfon ruwa da fanka, a mayar da tamostat wurinsa, don shi ke tare ruwa har inji ya ɗumama.

Tana karkarwa tsakanin gudun 60 da 80, kamar na hau titi mai ƙunya-ƙunya.

Abu biyu ne ke kama da juna a nan: kulochin konbata da ke kamawa yana saki, ko kuma fulogi ko koyil da ke ɗauke wuta. Gwajin da muke yi a titin da ba kowa shi ne a riƙe totur yadda yake, a ɗan taɓa birki da ƙafar hagu iya yadda fitilar baya za ta kama. Wannan yana sa birenbos ya saki konbata. In karkarwar ta ɗauke nan take, hankali ya koma kan konbata da mansa. In ta ci gaba, a fara da wutar inji.

Ba ta tashi a P sai na mayar N. Wani lokacin kuma sandar ta ƙi fita daga P.

Na farkon makunnin P-R-N-D ne ya goce ko ya yi datti, sau da yawa har fitilar ribas takan daina kamawa. Na biyun, Hajiya, sa wani ya tsaya a baya ki taka birki. In fitila ba ta kama ba, fiyus ne ko makunnin birki. Kada ki yarda a taɓa cikin giya saboda waɗannan.

Batir fa, yana da hannu?

Sosai. Ƙarfin wutar lafiyayyen batir in mota a kashe take yana wajen bolt 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In altaneta ta gaza, ko kan batir ya yi farin gari, ko wayar da ke haɗa batir da jikin mota ta saki, sensoshi da yawa sukan rikice lokaci guda. Duk ranar da na ga lambobi bakwai ko takwas da ba su da dangi da juna, batir nake fara aunawa. Haka in an ce mini jiya aka wanke inji da famfon feshi, ko an ratsa ruwan damina har ya kai ƙofa, soket-soket nake bi ina busarwa.

Wane man giya zan zuba? A shago sun ce duk ja ja ne.

Ba ɗaya ba ne. Toyota na da T-IV a tsofaffi da WS a na baya-bayan nan. Honda na da Z1 wanda DW-1 ya maye gurbinsa. Nissan masu giyar CVT, wadda ke aiki da bel maimakon hawa-hawan giya, na shan NS-2 ko NS-3, kuma zuba musu man otomatik na gama-gari kisa ne. Abin da za ka zuba yana rubuce a jikin geji ko a littafin motar. Man da bai dace ba yana canza yadda faiba ke kamawa, sensoshin gudu su ga zamewa, lamba ta fito, a ɗora wa sensa laifi.

Awon ma ya bambanta. Toyota mai geji ana auna ta inji na aiki, ta yi zafi, tana P, a wuri mai daidai. Honda kuwa sai an kashe inji a auna nan da nan. Ka ɗiga man a farar takarda ka sansana. Ja ko ruwan ƙasa mai haske ba ƙauri, da sauran lafiya. Baƙi mai ƙaurin ƙuna, faiba ta ci wuta, sabuwar sensa ba za ta dawo da ita ba. In kuma ya koma kamar madarar da aka zuba wa zoɓo, bututun sanyaya man da ke cikin lagireto ya fashe, ruwa ya shiga giya. Kada a sake tayar da ita.

Sabuwar sensa mai araha ko ta Beljiyam?

Araha ba ta ado. Na sha ganin sabuwa fil a kwali tana ba da saƙon da ya fi na tsohuwar muni, sai mai mota ya ce tunda an canza sensa ba a dace ba, lallai giya ce. Ni na fi natsuwa da ta asali, ko da cirowa aka yi daga wata motar, muddin lambar jikinta ta yi daidai da taka. Ka tafi kasuwa da tsohuwar a aljihu.

Haka in ta kama dole sai an sayi giya sukutum. A duba lambarta, kada a tsaya ga “ai ta zauna”. Giya biyu na iya kama da juna a ido amma lissafin haƙoransu ya bambanta, birenbos ya yi ta ganin kuskure har abada.

In na cire kan batir fitilar cek inji tana mutuwa. Ba shi ke nan ba?

Fitilar ce ta mutu, ciwon yana nan. Ka kuma share mana sawu, domin birenbos yana ajiye gudun da ake yi da zafin inji a daidai lokacin da matsalar ta faru, kuma da wannan muke bin diddigi. Ka kawo ta da fitilarta a kunne. In mota za ka saya, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba ka tabbata fitilar cek inji ta kama sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan.

Ina tsakanin Katsina da Daura, na wuce Mashi, sai ta fara. In ci gaba ko in tsaya?

Samu wuri mai mutane ka faka, ka kashe ta minti biyar. Leƙa ƙarƙashi ko mai na zuba, ka sansana ko akwai ƙauri, ka duba geji in tana da shi. In mai na nan, ba ƙauri, ba ƙarar ƙarfe, kuma da ka tayar tana ja ko da a giya ɗaya ce, za ka iya lallaɓawa a hankali zuwa gari mafi kusa, kana lura da allurar zafi, kada ka matsa mata.

Amma in ka taka inji ya yi ihu mota ba ta gaba, ko ka ga jan mai a ƙasa, ko ka ji tana niƙa, kashe ta. Kuma kada ka bari a ɗaura mata igiya a ja ta doguwar tafiya. Famfon man giyar otomatik da inji yake juyawa, in inji a kashe yake tayoyi na juya kayan ciki ba mai. A nemo motar da za ta ɗauke ta gaba ɗaya, ko aƙalla a ɗaga tayoyin da ke ja, na gaba a irin su Corolla da Camry da Accord, sannan ka kira makanikinka ka gaya masa gudun da kake yi da abin da ka ji kafin fitilar ta kama.